Tsibirin Komodo: ƙaton guzan da ke kayar da ɓauna, da rigimar da ake yi a kansa

Duk mai yawan kallon bidiyon namun daji a Facebook ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da shi ba, wani shirgegen ƙadangare yana tafe yana rangaji yana zaro harshe, ya cafke akuya ya haɗiye ta kusan ɗungurungum, har wasu ke cewa ai haɗin kwamfuta ne. To ba haɗi ba ne. Komodo ake ce masa, kuma dangin guza da damo ne ɗin nan da muka sani, gidansu ɗaya, shi dai Allah ya ba shi jiki ne. Babban namiji yakan kai tsawon mita 3, nauyi kilo 70 zuwa 90, kuma duk faɗin duniya babu inda yake rayuwa a daji sai wasu 'yan tsibirai a gabashin Indonesiya.

Wajen yana tsakanin manyan tsibirai biyu ne, Sumbawa ta yamma da Flores ta gabas. Gandun dajin da gwamnati ta killace don kare shi ya haɗa tsibirin Komodo da Rinca da Padar da wasu ƙanana fiye da 20, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,700 amma kaso mafi yawa ruwa ne, tudun bai wuce 600 da 'yan kai ba. Kuma in kana zaton za ka ga irin dajin nan mai duhu da ruwan sama kullum da ake nunawa in an ce Indonesiya, to ba haka wajen yake ba. Yana cikin yankuna mafi ƙarancin ruwan sama a ƙasar, rani yakan ɗauki wata bakwai zuwa takwas, duwatsu ne da busasshiyar ciyawa, ga tsamiya ga magarya ga wata doguwar bishiya da suke kira lontar wadda 'yar uwar giginya ce. Da za a rufe maka ido a ajiye ka can a watan Satumba, in ba don tekun ba sai ka rantse wani dajin Arewa ne ana tsakiyar rani.

Mutanen tsibirin dai sun san dabbar tun kaka da kakanni, ora suke ce mata. Turawa ne ba su sani ba sai 1910, lokacin Holan na mulkin mallakar ƙasar, wani hafsan soja mai suna van Steyn van Hensbroek da ke aiki a Flores ya yi ta jin labarin wai akwai "kadan tudu" a wani tsibiri, ya je ya harbe ɗaya, ya aika fata da hoto ga Peter Ouwens shugaban gidan tarihin dabbobi na Bogor a tsibirin Java. Shi Ouwens ɗin ne ya rubuta bayaninsa a 1912 ya tabbatar ba kada ba ne, guza ne. Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne wanda ya fara kafa dokar hana kashe shi, Sarkin Bima ne, masarautar Musulunci da ke Sumbawa wadda tsibirin ke ƙarƙashinta a lokacin, a 1915. Shekara 3 kacal da duniya ta san da dabbar. A 1926 wani Ba'amurke Douglas Burden ya zo ya kwashi gawa 12 da rayayyu 2 ya kai New York, daga nan sunan ya fantsama. Aka killace Padar da wani ɓangare na Rinca a 1938, tsibirin Komodo a 1965, aka haɗe su aka yi gandun daji na ƙasa a 1980, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991.

Yanzu bari mu zo kan dabbar kanta, don nan ne aka fi yaɗa ƙarya.

Komodo ba ya bin dabba da gudu mai nisa, gudunsa in ya tashi bai wuce kilomita 20 a awa ba kuma ba ya daɗewa. Kwanton ɓauna yake yi. Da safe zai fito ya sha hantsi sai jikinsa ya ɗau zafi, sai ya je ya laɓe a bakin hanyar da barewa ke bi zuwa ruwa, kalar jikinsa ta saje da ƙasa, ya yi lamo kamar gungume na tsawon awanni. Barewa na zuwa kusa sai ya zabura, yawanci ƙafa yake nema ko ciki ko maƙogwaro. Haƙoransa wajen 60 ne, masu lanƙwasa da tsini-tsini a gefe irin na zarto, in ya kafa su ba taunawa yake ba, ja yake da baya da ƙarfin wuya sai naman ya tsage. A 2024 ma masu bincike a Landan sun gano bakin haƙoran nan akwai wani rufi na sinadarin ƙarfe, kalar ruwan lemo, shi ke hana su dakushewa. Barewa ko aladen daji sau da yawa nan take ake gamawa da su. Harshen nan kuwa mai baki biyu da yake ta zarowa, da shi yake shinshina, yana ɗebo ƙamshi daga iska ya kai wani gurbi a saman bakinsa, in iska ta yi masa daidai yakan jiyo warin mushe daga nisan kilomitoci.

Sai maganar da kowa ya haddace, wai bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, in ya ciji ɓauna sai ya ƙyale ta ya riƙa binta kwana da kwanaki har ciwon ya ruɓe ta faɗi. Wannan ya samo asali ne daga aikin Walter Auffenberg, wani masani daga Florida da ya tare a tsibirin da iyalinsa a 1969 ya yi wata 11 yana bin dabbobin nan, kuma gaskiya mutumin ya yi aiki, yawancin abin da aka sani game da rayuwarsu daga wajensa aka fara samu. Amma a 2009 Bryan Fry da abokan aikinsa a Ostareliya suka duba kan komodo da na'urar hoton asibiti suka ga akwai jakar dafi a muƙamuƙinsa na ƙasa, dafin da ke hana jini daskarewa ya kuma saukar da bugun jini. Bayan 'yan shekaru aka auna miyan bakinsu aka ga ƙwayoyin cutar ciki ba su fi na sauran masu cin nama ba. To ita ɓaunar da ake gani tana ruɓewa fa? Bayanin Fry shi ne ɓauna baƙuwa ce a tsibirin, mutane suka kawo ta, ta fi ƙarfin ya kashe ta a cizo ɗaya, ita kuma ɗabi'arta in ta ji ciwo sai ta faɗa kududdufi, kududdufin rani kuwa wanda ita da 'yan uwanta suka cika da kashi, to a nan ciwon ke kamuwa. Har yau akwai masanan da ke ganin an zuzuta maganar dafin, suna cewa yankan haƙoran da zubar jinin kaɗai sun isa. Ni dai a ganina wanda aka farke wa cinya da zarto 60 wannan gardamar ba ta dame shi ba.

Ci kuwa ba a magana. A zama ɗaya yana iya cin abin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, fata da ƙashi da kofato duk ya haɗa, daga baya ya amayo dunƙulen gashi da ƙaho. Amma fa da yake jikinsa ba ya ƙona abinci da sauri, babba yana iya rayuwa da manyan ci kamar 12 a shekara. Kuma yana cin ɗan uwansa, shi ya sa 'ya'yan da zarar sun ƙyanƙyashe sai su haye bishiya, can suke shekarun farko suna cin ƙwari da ƙananan ƙadangaru da ƙwan tsuntsaye, manya sun yi nauyin da ba za su iya hawa ba. Ƙananan in dole ta sa sun matso inda manya ke cin mushe, har birgima suke a cikin kashin hanjin dabbar don warin ya sa a ƙyale su. Uwar takan yi ƙwai wajen 20 a kusan watan Satumba, sau da yawa ba ta ma wahalar haƙa rami daga farko, akwai wata tsuntsuwa mai kama da kaza da ke tara tulin ƙasa da ganye don ƙwanta, sai ta samu tsohon tulin ta mayar nata. Wata 7 zuwa 8 ƙwan ke yi, su fito wajen Afrilu daidai ƙarshen damina lokacin ƙwari sun yi yawa.

Wani abin al'ajabin, a 2006 wata macen komodo a gidan zoo na Chester a Ingila da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba ta yi ƙwai kuma suka ƙyanƙyashe, aka gwada aka tabbatar babu uba. 'Ya'yan duk maza. Dalili shi ne su a wurinsu mace ce ke ɗauke da ƙwayar jinsi iri biyu, Z da W, namiji kuma Z biyu, to in ƙwan ya ninka abin da uwar ta ba shi, mai W biyu ba ya rayuwa, mai Z biyu kuma namiji ne. Ikon Allah kenan.

Duk wannan ƙarfin nasa, rayuwarsa a hannun barewa take, kuma tsibirin Padar ne shaida. Da can akwai komodo a Padar, zuwa tsakiyar shekarun 1970 aka neme su aka rasa. Ba wanda ya bi su ya karkashe, mafarauta ne daga waje suka yi ta shigowa da jirgin ruwa suna harbe barewa har ta yi ƙaranci, shi kuma babu abinci sai ya ƙare. Sai bayan an tsaurara tsaro barewa ta farfaɗo aka sake ganin 'yan ƙalilan. Haka a ƙananan tsibirai irin Gili Motang da Nusa Kode inda manyan dabbobi ba su da yawa, komodon can ƙanana ne ba su kai na Komodo da Rinca ba. Kenan mai son kare komodo barewa zai tsare, da ciyawar da take ci kada a banka mata wuta. Abin dariyar ma ita barewar da ɓaunar da dawakan dajin Rinca duk mutane ne suka kawo su. Shi kansa komodo an samu burbushin ƙasusuwan kakanninsa a Ostareliya na shekaru miliyoyi, kuma a Flores ya yi zamani da wasu gajerun giwaye da suka ɓace tuntuni, wasu masana na ganin su yake ci kafin zuwan barewa.

Ba shi kaɗai ba ne a gandun. Akwai wani farin aku mai tukku rawaya da masu kama tsuntsaye suka kusa ƙarar da shi a sauran Indonesiya, tsibirin Komodo na cikin 'yan wuraren da ya rage da ɗan yawa, akwai birai a Rinca, ga macizai masu dafi har da mai tofi. Amma dukiyar gaske tana ƙarƙashin ruwa, inda ruwan tekun Indiya da na tekun Flores ke karo ta cikin matsatsun mashigai, igiyar ruwan na da ƙarfin da ke juya ƙaramin jirgi, ita ce kuma ke kawo abincin da ya tara kifi sama da iri 1,000 da murjani wajen iri 260, da kunkurun teku da faffaɗan kifin nan manta da dugon ɗan uwan ayu. A shekarun 1990 masu kamun kifi da bam da guba sun yi wa wajen ɓarna sosai kafin a fara sintiri da gaske.

To ina mutanen wajen a duk wannan? Nan ne fa rigimar take. A tsibirin Komodo akwai ƙauye mai mutum wajen 2,000, Ata Modo ake kiran 'yan asalin, sun cakuɗa da Bajo da Bugis da mutanen Bima, Musulmi ne, ga masallacinsu a bakin teku. Gidajensu a kan dirkoki suke, kuma kabari in sun rufe sai sun jibga duwatsu a kai saboda ora na tonewa. Suna da tatsuniyarsu ta gado cewa wata gimbiya ta haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya ora, don haka 'yan uwa ne ba a kashe shi. Tatsuniya ce, amma ta yi aiki, don a da in sun yi farautar barewa sukan bar wa ora kasonsa a daji. Hakan ba ya nufin babu haɗari, a 2007 komodo ya kashe wani yaro ɗan shekara 8, kuma ƙididdigar gandun ta nuna daga 1974 zuwa 2012 an kai hari sau 24, mutum 5 suka mutu. In ka auna shekara 38 da mutane na kwana suna tashi da dabbar nan a bayan gida, adadin ba shi da yawa. Har yau ma'aikacin da zai zaga da kai ba bindiga yake riƙewa ba, doguwar gwafa ce, in komodo ya matso sai ya tokare masa wuya da ita ya karkatar da shi.

Da aka yi gandun daji sai aka hana su farauta, aka taƙaita noma da saran itace, suka koma kamun kifi, can ma aka shata musu inda za su shiga da inda ba za su shiga ba, da yawa suka koma sassaƙa gunkin komodo na katako da sayar da tsaraba da yi wa baƙi jagora. Su kuma hukumomin a da har akuya ake yankawa a rataye don komodo su taru Turawa su ɗau hoto, sai 1994 aka daina. Wato an raba mutanen nan da sana'arsu ta gado an jingina su da 'yan yawon buɗe ido, sannan a 2019 gwamnan lardin, Viktor Laiskodat, ya fito ya ce za a rufe tsibirin shekara guda a kwashe mazauna, wai tsibirin na komodo ne ba na mutane ba, in an buɗe kuma sai mai kuɗi, ana maganar dala 500 har zuwa 1,000. A watan Maris na shekarar 'yan sanda a gabashin Java sun kama wasu 'yan fasa-ƙwauri da aka ce sun sayar da komodo 41 zuwa waje, wannan ya ƙara wa maganar rufewar ƙarfi. Mutanen ƙauye suka yi zanga-zanga, ƙarshe ministar muhalli Siti Nurbaya Bakar ta ce alƙaluma sun nuna yawan komodo bai ragu ba cikin shekaru, babu dalilin rufewa, aka janye.

Ba a gama da wannan ba sai ga hoton Oktoban 2020 da ya karaɗe intanet, komodo ɗaya tsaye a gaban tipa mai ɗauke da kayan gini a Rinca, inda gwamnati ke gina wajen baƙi na zamani da dogayen gadoji na kallo. 'Yan ƙasar suka yi ca, UNESCO a 2021 ta nemi a dakata a sake duba illar aikin ga muhalli, amma ginin dai an kammala shi. Sai kuma Agustan 2022 aka ce kuɗin shiga Komodo da Padar ya koma rupiya miliyan 3.75, kusan dala 250, alhali da wajen dubu 200 ne. Masu jiragen ruwa da masu jagora da masu otal a Labuan Bajo, garin da ake tashi zuwa gandun, suka shiga yajin aiki, aka kama wasu, aka ɗage ƙarin, kafin shekara ta ƙare aka soke shi.

A yi adalci, gwamnati na da hujja a wani ɓangaren. Baƙi sun haura 200,000 a 2019, bayan korona ma sun fi haka, jirage na jefa anga a kan murjani, shara na ƙaruwa, ƙauyen kansa ya ninka yadda yake a da sau da yawa, kuma sintiri a teku mai faɗin nan kuɗi yake ci. Dole a taƙaita wani abu. Inda na ƙi yarda da su shi ne kullum in an tashi gyara talakan ƙauyen ake fara nunawa da yatsa, alhali a lokaci guda ana ba kamfanoni izinin filaye a cikin gandun don gina masaukan baƙi. Wanda ya ƙarar da barewar Padar ba ɗan ƙauyen Komodo ba ne, wanda ya kai tipa Rinca ma ba shi ba ne. In ɗan adam ne matsalar to mai otal ma ɗan adam ne.

Babbar barazanar ma ba ta jin dokar gwamna. A Satumban 2021 ƙungiyar IUCN mai sa ido kan kare halittu a duniya ta mayar da komodo cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, duk da cewa na cikin gandun, wajen 3,000, adadinsu a tsaye yake. Dalilinsu ɗumamar yanayi, don shi komodo a ƙasa-ƙasa yake zama, kwaruruka da filayen bakin teku, ba ya son can saman duwatsu, kuma hasashen shi ne hawan ruwan teku da ƙarin zafi za su iya cinye aƙalla kashi 30 cikin 100 na mazauninsa cikin shekara 45. Tsibiri ne, babu inda zai matsa. Sannan akwai waɗanda ake mantawa da su gaba ɗaya, komodon da ke gaɓar yamma da arewacin Flores a wajen iyakar gandun, su ba mai zuwa ɗaukarsu hoto, gonaki na cin dajinsu, ana farautar barewarsu, in sun kama akuyar wani kuma manomi ya ɗauke su abokan gaba, kuma a can ne aka fi ganin suna raguwa.